Kunyar 'Yar Fari

"Yaya Amatu, wai da gaske ke kika haife ni?"

Firdausi ce ta yi tambayar, bakinta cike da ƙosai, a tsakar gida, a gaban Inna Maiturare da wasu mata biyu da suka shigo sayen turaren wuta. Amatullah tana durƙushe tana jera ƙanƙara a cikin kular da take ɗaukar allurar rigakafin awaki. Hannunta ya tsaya cak. Matan suka kwashe da dariya, ɗaya har da tafa hannu.

"Wa ya faɗa miki?" in ji Inna.

"Ifechi. Ta ce mamanta ta ce ke kin tsufa da haihuwa."

"Ja'ira! Ni ce na tsufa? To ga mai kular nan, ta ba ki amsa."

Yarinyar ta juyo tana jira. Amatullah ta ji idanun matan nan a ƙeyarta. Ta rufe kula, ta ɗaure ta da roba, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "'Yar Inna, gama karyawa, za ki makara."

Matan suka yaba. Ɗaya ta ce wannan ita ce tarbiyya, ba irin 'yan yanzu masu rungumar ɗan fari a bainar jama'a ba. Haka Amatullah ta taso ta tarar a gidansu: mace ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta ɗaukarta a gaban manya, ba ta nuna ta damu da ita. Kaka ce uwa a idon duniya. Shi ya sa tun da Firdausi ta fara magana take kiran kakarta Inna, take kiran wadda ta haife ta Yaya, kuma har ta shekara shida babu wanda ya ga abin gyarawa a ciki.

Auren Amatullah da Hafizu auren so ne, kuma ba faɗa ne ya raba su ba. Firdausi ba ta shekara ba hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, ta yi ta tsala ihu. Aka gwada jini, aka ce sikila ce, kuma su biyun duk suna ɗauke da irin. Manya suka zauna, su ma suka zauna suka yi kukansu, aka rabu don kada a ƙara haifo wata cikin wannan azaba. Hafizu ya koma Kano kasuwanci, daga baya ya yi wani aure. Mahaifiyarsa, Hajiya Murjanatu, tana nan cikin garin Daura wajen rijiyar Kusugu, duk Sallah sai ta aiko wa jikarta ɗinki. Ita kuwa Amatullah ta dawo ɗakin Inna da goyo, ta koma makaranta, ta ƙarasa karatun lafiyar dabbobi.

Aikin da ta samu na wucin gadi ne, amma ita kaɗai ce mace a tawagar, kuma ba a iya yi sai da ita. A ƙauyukan Baure awaki na mata ne, a cikin gida ake turke su, inda namiji baƙo ba ya shiga. Abokan aikinta sai su tsaya a ƙofar gida da shanu, ita ta yi sallama ta shige, ta kama akuya ta matse ta tsakanin gwiwoyinta ta tsira mata allura, tana yi tana sauraron ƙorafin matan. Shugaban tawagar, Dakta Zakiyyu, ya ce mata idan ta kai ƙarshen wannan zagaye ba fashi, zai tsaya mata a tabbatar da ita, a ba ta ofishin Baure.

Abin da mutane ba su gani shi ne abin da ke faruwa idan labule ya sauka. Amatullah ce ke ɗora ruwan wankan Firdausi, ta taɓa da gwiwar hannu kafin ta zuba mata. Ita ke bin ta da kofi tana lallashi ta sha ruwa, ita ke ba ta ƙwayar ƙarin jini kowace safiya, ita ta san cewa idan yarinyar ta fara tafiya tana ɗage ƙafar hagu to ciwo na hanya. Amma da zarar an yi sallama, sai ta zame, ta miƙa wa Inna kofin.

Mutum ɗaya ce a unguwar ba ta yarda da wannan wasa ba. Nkem, matar Obiajulu mai sayar da kayan gyaran babur, shagonta na kayan masarufi yana kallon ƙofar gidansu. A Daura ta yi aure, a Daura ta haifi Ifechi, Hausa kuwa a bakinta kamar 'yar gari. Ranar da Firdausi ta yi tambayar nan, da yamma, da Amatullah ta sauka daga babur, sai ta ɗaga murya daga cikin shago.

"Maman Firdausi! Sannu da dawowa!"

Amatullah ta tsallaka da sauri. "Don Allah Maman Ifechi, ki rufa mini asiri. Kin ga abin da kika jawo mini da safe?"

"Me na jawo? Ƙarya na yi? Ni na yi miki naƙudar?"

"Mu ba haka muke yi ba."

"Na sani, na ga yadda kuke yi. Ki sha wahalar ciki, ki sha wahalar asibiti, sannan ki ɓuya bayan ƙofa kamar wadda ta sato 'yar. Ni ranar da na haifi Ifechi sunana ya mutu, kuma ban yi makokinsa ba."

Amatullah ta yi dariya, ta karɓi sabulun da ta zo saya. "Ai ta sani a ranta," ta ce.

"Yaro ba ya sanin abu a ransa, sai an faɗa masa," in ji Nkem. Amma mai sayen sukari ya iso, maganar ta tsaya nan.

Farkon damina Inna ta faɗi a bakin murhu tana haɗa turare. Hawan jini. Ba ta ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa. A zaman makoki Firdausi aka riƙa dafawa ana cewa, "Allah sarki, marainiya." Amatullah tana gefe tana jin su, ta ƙyale su, don ita ma uwa ta rasa, kuma ba wurin gyara zance ba ne.

Da aka share makoki ta zauna ta tsara yadda za a yi, don ita ba mai zama ta rafka tagumi ba ce. Za ta kai Firdausi makaranta da safe kafin ta hau motar Baure. Nkem za ta ɗauko ta tare da Ifechi, ta riƙe ta a shago har yamma. Ta kai wa Nkem rigar sanyi da safa da gorar ruwa, ta nuna mata yadda ake gasa ƙafa da tsumma mai ɗumi. Abin ya tafi daidai har makonni.

Sai wata Laraba. Tawagar tana wani ƙauye can bayan Baure, inda waya ba ta kamawa, hadari ya haɗo tun hantsi ya zuba kamar da bakin ƙwarya. Rafin da suka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu ya cika ya batse, masu babur suka ce ko da kuɗin Hajji ba za su shiga ba. Amatullah ta tsaya a bakin ruwa da kula a kafaɗa tana ɗaga waya sama, tana juyawa gabas da yamma. Babu.

A Daura kuwa an tashi yara da wuri saboda hadarin, kafin Nkem ta isa sun kamo hanya, ruwa ya yi musu duka. Ta canza wa Firdausi kaya, ta gasa mata ƙafa yadda aka nuna mata, amma kafin azahar yarinyar ta fara murƙususu a kan benci. Obiajulu ya rufe shago ya ɗauke su zuwa asibiti. Nas ɗin da ta karɓe su ta dubi Nkem, ta dubi yarinyar, ta ce, "Ina uwarta?"

"Innata ta rasu," in ji Firdausi cikin kuka.

Nkem ta yi ta bayani cewa uwar tana nan da ranta, aiki ta tafi. Nas ta ce ita dai a kawo mata wani na jini, don wataƙila a buƙaci ƙarin jini. Nkem ta kira Amatullah har wayarta ta yi zafi. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta tura mijinta gidan Hajiya Murjanatu.

Sai da rafin ya janye Amatullah ta tsallako, waya ta kama, ta ji labari. Rana ta kusa faɗuwa ta shigo ɗakin asibitin, siket ɗinta jiƙe da laka har gwiwa, warin awaki na bin ta. Firdausi ta yi barci, robar ƙarin ruwa a hannunta, kanta a cinyar Hajiya. Amatullah ta durƙusa ta gaida tsohuwar surukarta. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare ta ba. Ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce, "Sannu da aiki."

Da ta zage ta da ya fi mata sauƙi.

Bayan an sallamo su aka aiko cewa za a zauna ranar Juma'a bayan masallaci. Amatullah ta san zaman me ne. Ta je Baure ta nemo ɗaki kusa da asibitin garin, ta yi magana da wata dattijuwa mai riƙon yara a gidan, ta duba makaranta. Ta zo shago ta jera wa Nkem komai, Nkem ta sa ta maimaita har sau nawa.

"Ba wannan ne farko ba," in ji Nkem. "Farko ki ce 'yata ce, ba na bayarwa. Sannan ki kawo zancen ɗaki. Faɗi in ji."

"'Yata ce."

"Da wa kike? Da ƙudan kan sukarin nan? Ɗaga murya!"

Suka yi dariya. A shago abin da sauƙi.

A ɗakin marigayiya aka zauna, ƙamshin turarenta bai gama barin bango ba. Baba Lawal, ƙanin mahaifin Amatullah, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinta, yana kan darduma. Hajiya tana bakin gado. Hafizu ya zo daga Kano, ya rakuɓe kusa da ƙofa yana kallon yatsun ƙafarsa. Amatullah ta zauna a ƙasa, mayafi har goshi.

Hajiya ta yi magana a tsanake. "Malam Lawal, mu ba mu zo da rigima ba. Marigayiya ta riƙe yarinyar nan, mun ga riƙo, ba mu taɓa buɗe baki ba. To mai riƙo ta tafi. Yarinya ba lafiyayya ba, ranar nan a hannun maƙwabta na same ta, Allah ya saka musu. Ni ina gida, ba inda nake zuwa. A ba ni ita."

"Gaskiya ne, Hajiya," in ji Baba Lawal. "Ita Amatu ai yarinya ce, ita ma riƙonta ake yi. Kuma ni shaida ne, tun da aka haifi 'yar nan ban taɓa ganin ta ɗaga ido ta dube ta a gaban mutane ba. Kunya gare ta, irin ta iyayenmu. Ba za ta ba mu matsala ba." Ya juyo. "Ko kina da magana?"

Kalmomin da ta haddace a shago suna nan a ranta. Amma yanzun nan aka gama yabon ta da kunya, a gaban uwar mijinta na da, a ɗakin uwar da ta koya mata kunyar. Ta buɗe baki, sai ta ji ta fara daga tsakiya.

"Baba, da ma na samu ɗaki a Baure, kusa da asibiti..."

"Ɗakin haya? Ke kaɗai, mace ba aure, da yarinya mai ciwo?"

"Akwai wata dattijuwa a gidan."

"Dattijuwar da ba mu san asalinta ba ta fi kakarta? To ranar da rafi ya sake cikewa fa, kina wancan ƙetare?"

Amatullah ta gyara mayafinta. Wannan tambayar ita ma ta yi wa kanta, ba ta samo amsa ba.

Hafizu ne ya ɗago, murya ƙasa-ƙasa. Wataƙila taimakonta ya so yi. "Baba, da an tambayi yarinyar."

Aka kira Firdausi daga tsakar gida. Ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da labule, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Hajiya ta ware hannuwa. "Firdausi, ƙawata, zo nan. Za ki bi ni gidana?"

Yarinyar ba ta motsa ba. Amatullah take kallo.

Amatullah ta ji kallon a jikinta kamar zafin murhu. Abu kaɗan ake nema: ta ɗago, ta kira suna, ta miƙa hannu. Sunan yana kan harshenta, ta sha faɗarsa a sujada, ta sha raɗa shi a kunnen yarinyar idan ciwo ya tashi. Amma ba ta taɓa furta shi da wani babba a wurin ba, kuma bakin da bai saba ba ya ƙi buɗuwa. Ta ce a ranta bari Baba ya kau da kai. Ta ce bari ta haɗiye yawu tukuna.

"Firdausi," Hajiya ta sake kira. "Zo mana, uwata."

Yarinyar ta saki labule. Ta wuce ta gaban Amatullah, har gefen rigarta ya shafi gwiwarta, ta je ta shige jikin wadda ta kira ta.

"To alhamdu lillahi," in ji Baba Lawal. "Yaro ya san nasa." Aka shafa fatiha.

Nkem ta kusa fasa kanta da faɗa. Ta ce a tafi kotu, ita za ta biya mota, ita za ta yi shaida. Amatullah ta je wurin malamarsu ta Islamiyya, malama ta ce a shari'a uwa ce ta fi cancanta da riƙon 'yarta matuƙar ba ta yi wani aure ba, wannan ba ja. Ta fito da wannan magana a hannu, ta rasa inda za ta kai ta. Ta kai ƙarar ƙanin ubanta, a gidan da take kwana? Kuma alƙali ma ai zai tambaye ta wa zai zauna da yarinya idan tana daji. Ta yi tunanin ajiye aikin. To ta ci me, ta sayi magani da me? Sai dai ta koma hannun Baba Lawal, wanda tun kafin a yi arba'in ya fara zancen wani mai shago a Zango da matarsa ta rasu. Idan ta yi auren kuma, haƙƙin riƙon ya faɗi gaba ɗaya. Duk ƙofar da ta tura, sai ta tarar da ɗaki ɗaya take buɗewa.

Ita da kanta ta haɗa kayan Firdausi. Ta kai har gidan Hajiya, ta durƙusa ta fito da magunguna tana bayani: wannan kullum da safe, wannan idan zazzaɓi ya zo, kada a yi mata wanka da ruwan randa, kada a bar ta ta yi gudu a rana, a riƙa tura mata ruwa ko ba ta nema ba. Hajiya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Amatu, na raini 'ya'ya tun ba a haife ki ba. Ki kwantar da hankalinki." Ba da gatse ta faɗa ba. Tana son jikarta, wannan ko maƙiyi ya sani.

Ƙarshen damina Dakta Zakiyyu ya kira ta ya ce an tabbatar da ita, Baure ta zama tata. Abokan aiki suka ce sai ta yi musu walima. Ta saya musu lemo. Matan ƙauye yanzu likitar awaki suke ce mata, suna ajiye mata ƙwai da kuka, kuma awakin da ta yi wa allura ba su mutu ba a shekarar.

Ta koma Baure da zama, ranar Asabar take zuwa Daura. A gidan Hajiya ana shimfiɗa mata tabarma, a kawo mata ruwa a kofin baƙi, a kira Firdausi ta zo ta gaishe ta. Yarinyar takan durƙusa ta gaida ta da ladabi, ta ɗan zauna, sannan ta nemi izini ta koma wasa. Wata Asabar da ta ɗago kai Amatullah ta ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa.

"Hajiya, idonta ya canza. A kai ta a duba jininta, don Allah, yau ɗin nan."

"Na gani. Shawara ce, na jiƙa mata saiwa tun shekaranjiya."

"Ba irin wannan shawarar ba ce, Hajiya. Jininta ne ke ƙonewa. Bari in kai ta da kaina, yanzu mu dawo."

"Yau Asabar, wane likita za ki samu? Bari in gaya wa ubanta, abin da ya ce shi za a yi."

Ta kira Hafizu a tsaye a zaure. Ya ce yana hanyar Legas, amma zai yi wa Hajiya magana, in sha Allahu Litinin za a kai ta. Ranar Lahadi ta koma gidan Hajiya, aka ce sun tafi suna a Mai'aduwa, da yarinyar. Litinin da sassafe tawaga na jiran ta, ƙanƙara na narkewa a kula, mata sun turke awaki tun asuba a ƙauyuka uku. Ta hau mota. A ƙauyen farko akwai wani tudu bayan makarantar firamare inda waya ke ɗan kamawa. Tsakanin gida da gida sai ta hau tudun ta kira, wayar Hajiya ta yi ta ƙara a ɗaki ba a ɗauka, ta sauko ta kama akuya ta gaba.

Ke da kike karanta wannan da goyo a bayanki, ko da ɗa a makaranta, kina fita nema don ku rayu: ki girmama manya, ki gaishe su a durƙushe, amma kada ki bari a wayi gari babu wanda ya taɓa jin kin ce ɗanki naki ne. Ki faɗa tun ana dariya, tun ba a tambaye ki ba, ki faɗa a gaban wanda kike jin nauyi. Ranar da za a zauna a kan ɗanki ba a aiko miki da lokacin koyo, kuma shirun da kika yi a ranar, yarda za a ɗauke shi.